Ɗakin Tol na Kan Tudu

Tabelot, watan Fabrairu

Zuwa ga taubashiyata Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna da duk mutanen Madarumfa. Ni ma lafiya lau, sai ciwon baya da ke tasowa in na daɗe sunkuye kan moto-pompin ban ruwa na masu lambu. Na ba Shamsu direba takardar nan tunda zai sauke albasa Maradi. Kin san inda nake rezon waya sai an hau dutse, kuma ko an samu ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Magini ya aiko mini cewa ɗakin da na sa a yi wa Inna kan tudu, bayan lakkol, makarantar boko, ya ƙare. Bulon siminti ne, rufin tol, wato kwano, ƙofar ƙarfe. Roƙona shi ne ki ɗauke ta daga gidan bakin tabki tun yanzu, kada a jira damina. Ni ta haifa, amma ke ɗiyar ƙanenta ce take jin maganarki.

Na san za ki ce na cika tsoro. Bara ina cikin kamyo, babbar motar kaya, za mu ƙetare ƙorama a hanyar Agadas, sama tas, ko gajimare babu. Motar da ke gabanmu ta kai tsakiyar yashi sai muka ji ƙugi daga wajen duwatsu. Kafin direbanmu ya ja da baya ruwan ya iso, ja wur, da itatuwa a ciki. Ya juya motar nan ya tafi da ita da mutanenta. Ni na sauka zan gudu, ya kama ni zuwa cinya, da ba a miƙo mini igiya ba da ba ni ke rubuta miki ba. Tun ran nan in na tuna katangar ƙasa ce kawai tsakanin Inna da tabki, abinci ba ya shiga.

Ki yi mini wannan don zumunci.

Naki, Ashiru


Madarumfa, watan Maris

Zuwa ga Ashiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka. Tumatir ya yi kyau bana amma ya cika kasuwa, har awaki sun gaji da shi. Allah ya sawwaƙe ciwon baya.

Na yi abin da ka ce. Na ɗora Gwaggo Inde a amalanke da tukwanenta, tana faɗa tun daga ƙofar gida har kan tudu. Da muka isa ta ƙwanƙwasa bangon, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta tambaye ni ko ɗaki ne ka gina mata ko tanda. Wurin nan ko itace ɗaya babu, Ashiru. Ba abin da ya raba kan mutum da ƙarfe. Ga shi ka raba ta da Larai, maƙwabciyarta da suke hira ta kan katanga tun kafin a haife mu.

Na ji labarin ƙoramarku, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi. Amma ruwanmu ba irin naku ba ne. A bakin tabkin nan aka yanke mini cibi. Kowace damina yana tasowa a hankali, ya zo gindin kukar bayan gidan Larai, ya tsaya, ya koma. Mu ɗaga buhunan hatsi, mu jera na yashi a ƙofa, shi ke nan. In ya tafi ya bar mana kifi da ƙasa mai kyau. Ban taɓa kwana da tsoronsa ba.

Abin da nake tsoro bazara ce. Bara cikin zafin nan tsofaffi da yawa muka kai a unguwarmu, kuma ba wanda ya yi jinya. Yanzu ma da hantsi ba a iya taɓa ƙofar ɗakin naka.

Taka, Hajara


Tabelot, watan Afirilu

Hajara,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau, bayan ya yi sauƙi.

Wai ni za ki ba labarin zafi? A nan in na ajiye ƙarfen aiki a rana sai na sa tsumma nake ɗaukarsa. Haka muke wuni, mu sha ruwa, mu sha shayi, ban ga wanda ya faɗi ba. Tsofaffin da kika ce, kwanansu ne ya ƙare. Zafi wahala ce kawai, ana jure ta. Ruwa shi ke ɗaukar mutum gaban idonki.

Na ba Shamsu fanka mai aiki da hasken rana, a kafa mata. Don Allah kada ki biye wa Inna. Kin san ko Makka aka kai ta sai ta sami abin kushewa.

Ashiru


Madarumfa, watan Mayu

Ashiru,

Ina gaishe ka. Ba zan ce maka muna lafiya ba.

Fankarka ta iso, an kafa. Iskar da take bugowa kamar mutum ya sa fuska bakin murhu. Gwaggo ta ce a kashe ta, ta rataya mata zane.

Ran Talatar da ta wuce na taso daga lambu bayan azahar na kai mata fura. Na yi sallama shiru. Na same ta kwance bakin ƙofa, da alama ta yi niyyar fita ne ƙafa ta ƙi. Jikinta ya bushe ƙamas, ko ɗigon gumi babu, leɓɓanta sun tsage. Da na ɗago ta sai ta dube ni ta kira ni da sunan babana, tana tambaya ko ya ɗaure jaki. Ka san shekarun da ya yi a ƙasa.

Maza duk suna kasuwa. Goya ta na yi har bakin hanya kafin na sami mai moto. Ashiru, na sha ɗauko tukunya daga wuta, amma ban taɓa jin jikin mutum da zafi irin wannan ba. Har yau in na kwanta ina jinsa a gadon bayana. A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi ta shafa mata jiƙaƙƙen zane. Likitar ta ce ba ita kaɗai aka kawo haka ba a satin, ta tambaye ni wane ne ya ajiye tsohuwa ƙarƙashin tol cikin wannan wata. Na rufa maka asiri, na ce wani dangi ne da ke nesa.

Ga Shamsu can yana ta matsa mini oda, bari in taƙaita. Daga asibiti ba mu koma tudu ba. Mun kai Gwaggo gidanta na gaskiya, ta huta. Sai ka yi haƙuri.

Hajara


Tabelot, watan Yuni

Hajara,

Sallama dai wajibi ce, na yi miki ita. Lafiya kuwa sai yanzu take dawo mini.

Ki sake karanta abin da kika rubuta a ƙarshen takardarki. Gidan gaskiya, ta huta, ka yi haƙuri. Wa zai ga wannan ya ce uwarsa na da rai? Shamsu bai same ni ba, ya bar takardar wurin mai shayi ya wuce ɗaukar kaya. Na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa. Na rufe wurin aiki, aka shimfiɗa tabarmi. Buzayen da nake yi wa gyara suka baro lambunansu suka zo gaisuwa, liman ya yi addu'a, har an fara neman motar da za ta kawo ni. Ina zaune ina cewa ni na kashe ta da hannuna.

Sai ga Shamsu ya dawo. Ya ga taro, ya durƙusa ya tambaya wa ya rasu. Da aka gaya masa ya ce shi dai ya bar ta zaune ƙarƙashin itacen bedin gidanta tana yi wa mai kifi ciniki kamar za su daku. Ban san ko murna zan yi ko in nutse ba. Har yau in na wuce sai wani ya ce, ya haƙurin rashi, a fashe da dariya.

Na gode Allah, kuma na gode da goyon da kika yi. Na yarda ɗakin na da zafi. A shimfiɗa zana kan rufin, a yi rumfa a ƙofa. Amma yanzu an fara hadari, zafin ya kusa karyewa, ki mai da ita tudu. A radiyo sun ce ruwan bana zai yi yawa a wajenku. Kin mai da ita daidai inda na ɗauko ta, kuma daidai lokacin da nake tsoro.

Ashiru


Madarumfa, watan Yuli

Ashiru,

Gaisuwa da ta'aziyyar rashin da ba a yi ba. Muna lafiya, shuka ta kama, gero ya fara rufe ƙafa.

Na karanta wa Gwaggo takardarka, Larai na leƙe ta kan katanga. Sun yi dariya har Larai ta ƙware. Gwaggo ta ce a tambaye ka ko ka yi kuka sosai, kuma mutum nawa suka zo. Ni gidanta na gaskiya na ce, wato wanda ta sani, ba akwatin da ka gina ba. In kai ka karanta da tsoro a ranka, ba laifin alƙalamina ba ne.

Maganar komawa tudu na yi mata, ta ce sai dai gawarta. Kuma gaskiya ban matsa ba. Tun da ta dawo take cin abinci, tana ban ruwan ƴan yakuwarta. Radiyo kuwa kowace shekara haka suke faɗa. Na yi maka alkawari, ranar da ruwa ya taɓa gindin kuka zan ɗauke ta, ko tana so ko ba ta so. Yana ba mu lokaci, kullum yana ba mu.

Hajara


Tabelot, ƙarshen Agusta

Hajara,

Ina gaisuwa. Ba na barci, shi ne lafiyata.

Na aiko takarda farkon wata ban ga amsa ba. An ce hanya ta yanke, Shamsu ya maƙale wani wuri. Na hau dutse na kira lambarki ya fi a ƙirga, a kashe. A radiyo ana ta faɗin gidajen da suka rushe a jihar Maradi, na ji an ambaci Madarumfa. Duk wanda ya kawo miki wannan ki ba shi amsa a take. Kuma ki rubuta da kalmomin da ba su da fuska biyu.

Ashiru


Madarumfa, watan Satumba

Ashiru,

Gwaggo tana da rai. Tana cin abinci, tana tafiya da ƙafarta, tana faɗa. Na fara da haka don kada ka sake shimfiɗa tabarma. Ni da yara ma muna nan. Wayata tana ƙarƙashin laka. Larai ce ta rasu.

Ranar ko yayyafi ba a yi ba, an kwana biyu ma ba a yi ruwa a garin ba. Da hantsi ina gidan Gwaggo ina wanke gero, rana ta fito sarai. Gulbi ne ya kawo ruwan da aka yi can kudu. Na ji mata suna kiran yara, na leƙa, na ga ruwa a gindin kuka. Na ce to, bari in ƙarasa wankin nan in nemo amalanke. Ban tsame geron ba ya shigo tsakar gida.

Ba ruwan da na sani ba ne. Sanyi gare shi kamar na randa, kuma yana ja. Yana gwiwata ina haɗa kaya, kafin in ɗaure ƙullin ya kai ƙugu. Na dafa bango na ji ya yi laushi a hannuna kamar tuwo. Gwaggo ta hau gado ta ce ba inda za ta, ruwan ya san gidan. Ban tsaya gardama ba, na sake goya ta. Arziki masunci ya shigo da jirginsa ta ƙofar gida, ta inda muke shiga da ƙafa.

Larai ta riga mu shiga jirgin. Tana zaune, na ga ta da idona, har ta miƙo hannu ta karɓi Gwaggo. Sai ta ji kukan akuyarta da ke ɗaure. Arziki ya ce ta zauna, ni ma na riƙe mata zane. Ta ce, "Ruwan da nake wanki a ciki tun ina yarinya? Yanzu zan dawo." Ta sauka ta zagaya bayan ɗaki. Katangar da suke hira a kai ita ta faɗo mata. Sai bayan la'asar maza suka fito da ita.

Gidan Gwaggo babu shi, sai bedin da ke tsaye. Lambuna ya zama fili. Muna ɗakin tol, mu da matan gida uku, sauran mutane suna lakkol. Ka yi gaskiya kan ruwa. Na rubuta sau ɗaya, kada ka nemi in maimaita.

Abin da ke ƙona mini rai mutanen tudu. Sun kawo tuwo da tabarmi, Allah ya saka. Amma jiya wata ta tambaye ni wai don me ba mu fito da ƙafarmu ba tunda rana ce tsaka. Daga ƙofarta ana hango tabkin, amma ko tafin ƙafarta bai jiƙe ba. Na buɗe baki zan yi mata bayani, sai na tuna amsar da na ba ka kan ƙoramarka, na fasa.

Yanzu ko gajimare ya gitta sai in fito in dubi tabki. In an zuba ruwa a buta ina waiwayawa.

Hajara


Tabelot, watan Nuwamba

Zuwa ga Hajara,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, hanya ta gyaru. Ina gaida Inna da yara. Allah ya jiƙan Inna Larai, har yanzu ina ganin wurin da kika nuna mini.

Akwai maganar da na kasa yi da na zo, saboda kullum ɗakin cike yake da mata. Kin tuna ranar da na ce kowa ya fita, zan yi ƙailula a ciki don ku ga ba wani abu ba ne? Na san kin tuna, tunda ke kika tsaya kaina da faifai kina fifita kina ce wa mutane a ba gwanin zafi wuri ya sha iska. Na farka kaina kamar ana sara, na yi amai a gaban surukan mutane. Kuma wai wannan zafin bayan damina ne, ba na bazara ba. Namu na nan busasshe ne, akwai iska, da dare har bargo muke ja. Naku yana zama kan ƙirjin mutum. Da na tuna a ɗakin ne na bar Inna watan Afirilu da fanka, kunya ta hana ni kallonta.

Na kuma ga yadda take. Kullum da safe sai ta tafi kangon ta zauna ƙarƙashin bedi, ta rame, ba ta ma faɗa da ni sosai. Na zauna da dattawan unguwa, sun ce tun suna samari ba su ga ruwa irin na bana ba. Abin da ke zuwa sau ɗaya a rayuwar mutum ba zai hana shi zama gidansa ba, amma bazara kowace shekara tana nan.

Don haka na canza shawara. A sake gina mata a bakin tabki, a ɗaga tushen sosai. Ke kika yi gaskiya tun farko. Ki gaya mata na amince.

Naki, Ashiru


Madarumfa, watan Disamba

Ashiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na sake kafa lambu, albasa ta fara tsayawa. Sanyi ya shigo, ɗakinka yanzu da asuba kamar cikin rijiya.

Wato sai da na bar magana sannan ka zo ka same ta. Shekara guda ina cewa zafi kana cewa ruwa. Yanzu ka yi amai sau ɗaya ka zama malamin zafi, ka manta igiyar da aka miƙo maka. Ni ce na ji bango ya narke a hannuna, ni na riƙe zanen Larai ya zame. Dattawan da ka zauna da su, rabinsu a jirgin Arziki aka fito da su suna salati. Yau sama ta yi fari, tabki ya koma wurinsa yana ƙyalli, kowa ya koma buga tubali daidai inda nasa ya rushe. In na yi magana sai a ce Hajara ta tsorata. E, na tsorata. Wa ya ba su takardar cewa sai bayan sun mutu zai dawo?

Gwaggo ta ga Shamsu ya miƙo mini takarda, ta ce in karanta. Na karanta mata duka, ban ɓoye komai ba, har wurin aman. Tun kafin in ninke ta ta aika a kira masu tubali. Na ce mata ni ba zan ɗauki ko ƙwarya ɗaya ta ruwa in kai wurin ginin nan ba, kuma ba zan goya ta sau na uku ba. Ta ce ba ta roƙe ni na farko da na biyu ba. Mun kwana biyu ba ma magana.

To ga abin da na yi, kuma ban nemi izininka ba. Ran Laraba da ta tafi kangon na kira magini, na sa ya kware tol ɗinka gaba ɗaya. Na samo azara, za a yi rufin ƙasa mai kauri irin na da, a huda taga ta gabas da ta yamma, a kafa rumfa. Na tono ƴaƴan bedi daga gindin nata na dasa a ƙofa, na kewaye da ƙaya.

Ta dawo da azahar ta tarar da ɗaki ba kai. Ta zage ni, ta zage ka, ta haɗa da kakanmu da ya bar mata mu. Sannan ta ɗaga kai ta ga yadda magini ke jera azara, ta ce wa ya koya masa aiki, haka ake jerawa rufi ya yi yoyo tun ruwan farko. Ta sa aka kawo mata kujera. Yau kwana na uku ke nan ba ta je bakin tabki ba, tana zaune da sanda tana nuna masa, ya sauke ya sake ɗorawa har ya fara yi mini kallon neman ceto. Masu tubalin sun zo neman ta, ta ce su jira, ba ta da lokacinsu yanzu.

Ban ce ta haƙura ba, ka san ta. In an gama rufin mai yiwuwa ta tashi ta ce a koma. Amma in ka sake aiko takarda da wata sabuwar shawara kafin nan, wallahi ba zan karanta mata ba, a murhu zan sa ta. In kana da magana ka zo da ƙafarka cikin Afirilu ka kwana a ɗakin, ka kuma dawo cikin Agusta ka tsaya gindin kuka, sannan mu zauna mu uku.

Tol ɗinka na jingine bayan ɗaki. Ka gaya wa Shamsu inda za a kai maka shi, awakin mutane sun fara hawa.

Taubashiyarka, Hajara